Man Wiwi Maganin Komai? Iƙirarin Warkarwa a Tallan Intanet



Kasuwar da zan yi magana a kanta ta bunƙasa ne a Amurka. A watan Disamba na 2018 dokar noma ta ƙasar ta halatta shuka nau'in wiwi wanda sinadarinsa mai bugarwa, wato THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Kafin a ankara, wani sinadarin ganyen mai suna CBD, wanda ba ya sa maye, ya cika intanet: mai a kwalba, alawa, man shafawa, har da abincin karnuka.

Akwai gaskiya a gindin tallan CBD, sai dai 'yar kaɗan ce. A watan Yunin 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Epidiolex, maganin CBD da aka tace, don wasu nau'o'i biyu na farfaɗiya mai tsanani da ke farawa tun yarinta. Rahoton cibiyoyin kimiyya na ƙasar na 2017 ya sami hujja mai ƙarfi cewa wiwi ko sinadaransa na taimakawa kan ciwon jiki mai daɗewa, da aman da allurar sankara ke jawowa. Kan warkar da sankarar kanta kuwa, bai sami isasshiyar hujja ba. A nan mai talla yake shiga. Sai ya ɗauki wannan 'yar ƙwayar gaskiyar ya dama ta da ruwa mai yawa, ya shayar da kowa.

Ku buɗe shafi ɗaya ku gani. Kwalba ce koriya, ga hoton mace sanye da farar rigar likita. Kamfanin ba zai ce "muna warkarwa" ba, ya san doka. Sai ya jera shaidun masu saye, wata ta ce ƙarin da ke jikinta ya motse, wani ya ce ya watsar da maganin hawan jini. Can ƙasa, da rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa, an ce ba a yi wannan kaya don magance wata cuta ba. Wa ke karanta nan? Ba dai mahaifiyar da ɗanta ke faɗuwa sau goma a rana ba.

Abin da ke cikin kwalbar ma abin tsoro ne. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2017 ya gwada kayan CBD guda 84 da aka saya ta intanet daga kamfanoni 31. Kusan kashi 31 cikin ɗari kaɗai aka samu abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta, kuma 18 daga cikinsu na ɗauke da THC. Ga shi CBD na iya taɓa hanta, yana kuma rikita aikin wasu magunguna irin su warfarin. Shi ya sa a 2023 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta rage adadin da take ganin ya dace babba ya sha a rana daga miligiram 70 zuwa 10.

Hukumomi sun yunƙura. FDA tana aika wasiƙun gargaɗi tun 2015, kuma a Disamban 2020 hukumar kasuwanci ta FTC ta ɗauki mataki kan kamfanoni shida da suka ce kayansu na maganin sankara da ciwon mantuwa. Amma shafi ɗaya ake rufewa, goma su buɗe.

Mu a Najeriya wiwi haramun ne a doka, duk da haka wani bincike na 2018 ya ƙiyasta masu shansa sun kai miliyan 10.6. Tallan nan ba ya neman biza. Yana shigowa wayoyinmu ta Facebook da TikTok, ya tarar da mutanen da suka saba jin mai lasifika a tasha yana lissafa cuta ashirin a kan gora ɗaya. Roƙona ga hukumar abinci da magunguna ta NAFDAC da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA shi ne su riƙa ɗaukar shaidar mai saye da aka liƙa a shafin talla a matsayin iƙirarin mai kayan. Likitocinmu kuma su riƙa tambayar majiyyaci, cikin lalama, abin da yake sha bayan wanda aka rubuta masa.