Kuben Injin Huda



A Salka, cikin masarautar Kontagora, kafinta ko mai haɗa sola kan hau rufin kwano da injin huda mai batir soke a aljihun wando. Wannan abu yana tayar mini da hankali. Injin mai volt 18 yakan kai kilo ɗaya da rabi har da batirinsa. Mutum ya sunkuya kaɗan, sai injin ya sulluɓe, ga yaron shago tsaye a ƙasa yana miƙa ƙusa.

Malam, nemi kube, kamar yadda mahauci ke yi wa wuƙarsa. Na kasuwa, na roba ko na yadi mai kauri, ba laifi, amma ni na baduku na fi so. Kai masa injin ya auna, ya ɗinka da fata mai kauri, ya bar ƙasan a buɗe don bakin ƙarfen ya wuce, garin katako ya zube. A sa maɗauri mai maɓalli a kan mariƙin. Bel ɗin kuma ya zama mai faɗi, don siriri yankan ƙugu yake yi tun kafin azahar. Bahago ya faɗa wa baduku tun da wuri.