Aiki daga gida: kaɗaici da makomar amana tsakanin ma'aikata



Tsakanin 2010 da 2011, kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai, ƙasar Sin, ya tura wasu masu amsa tarho su yi aiki daga gida, kwana 4 a mako, har wata 9. Masanin tattalin arziki Nicholas Bloom na jami'ar Stanford ya bi diddigin gwajin. Aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, amma samun ƙarin girma ya ragu musu da kusan rabi, in an gwada su da takwarorinsu na biro masu ƙwazo ɗaya. Da aka ba su zaɓi, kimanin rabinsu suka koma biro, akasari saboda kaɗaici.

Dalilin a fili yake. Amana tana ginuwa ne da gaisuwar safe, da shayin hantsi, da jajen rashin lafiya. Shugaban da ba ya ganin ma'aikaci sai ya shiga zargi. Ma'aikacin da labarin biro ba ya iske shi sai ya ɗauka an manta da shi.

Tun 2002, yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadago da na masu kamfanoni a Turai ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin hana wannan kaɗaici: ma'aikaci ya riƙa saduwa da abokan aikinsa akai-akai, kuma labarin kamfani ya riƙa kai masa. Duk sindikar da za ta sa hannu kan aiki daga gida, ta fara neman waɗannan sharuɗɗa a rubuce.