JAWABI A TARON ƘUNGIYA: TSATSAR CIKIN JIKI DA CIWON DAJI NA HANJI

Iyayenmu dattawa, ƴan uwa masu rumfuna a Babbar Kasuwa ta Yamai, da baƙinmu da suka zo daga gida, sannunku da zuwa.

Dattawan da suka ga gobarar kasuwar nan ta 1982 sun san aikin wuta, mai sayar da kwanon rufi kuma ya san aikin tsatsa bayan damina. To, masana sun ce abu guda ke yin aikin biyun, wato iskar oksijan da muke shaƙa. Cikin jikinmu ma haka take. Yayin da take ƙona abinci don mu samu ƙarfi, wasu ƴan tartsatsi na kuɓucewa, su taɓa rubutun halitta da ke cikin kowace ƙwayar jiki, wanda likitoci ke kira ADN ko DNA. Sau dubbai hakan ke faruwa kullum a ƙwaya guda. Ikon Allah, akwai masu gyara a ciki, suna cire harafin da ya lalace su maida sabo. In ɓarna ta fi ƙarfin gyara, kuskure ya taru shekara da shekaru, sai ɗan tsiro ya fito a bangon hanji, wata rana ya rikiɗe ya zama daji. A 2002 masu bincike a Kadif ta Birtaniya suka gano wani gida da ya gaji raunin ɗaya daga masu gyaran nan, mai suna MUTYH, ƴaƴan gidan na ta fama da tsiron hanji. Saboda haka wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi ciwon, ya gaya wa likita.

Me ke ƙara tsatsar? Taba, giya, ƙiba, da kumburin hanji da ya daɗe. Sai nama, mahautanmu su yi haƙuri. A 2015 hukumar binciken daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ce naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi yana jawo dajin hanji: giram 50 kullum na ƙara haɗarin da kashi 18 cikin ɗari. Ba mu ce a bar kilishi da tsire ba, amma a ƙauye sai ran kasuwa ko salla muke ganinsu, nan kuwa wasunmu sun maida su abincin dare. Gero da dusarsa, dawa, wake da zogale suna taimakon hanji. Ƙwayoyin bitamin masu tsada kam, ba a tabbatar suna hana wannan ciwo ba.

Ga abin da ya fi damunmu. Mutum ya ga jini a bayan gida, ya ce basur ne, ya sayi kwalbar tsimi a bakin ƙofar kasuwa, ya rufe bakinsa don kunya. Wata shida, shekara guda, yana ramewa. A Amurka, cikin mutum goma da aka kama ciwonsu bai fita daga hanji ba, kusan tara na raye bayan shekara biyar. In ya bazu zuwa hanta ko huhu, ba su kai biyu ba.

Tun 2021 akwai na'urar gashin daji a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa nan Yamai. Abin mamaki, da irin tartsatsin nan take aiki, tana lalata rubutun ƙwayoyin dajin har su mutu. Sai dai ƙari in ya girma, cikinsa kan rasa oksijan, gashin kuma bai cinsa sosai, yanka ma ya ƙara wuya.

Jini, gudawa ko taurin ciki da ya ƙi wucewa, rama ba dalili, ƙarancin jini, balle ga wanda ya haura 45: a je asibiti a nemi a haska hanji. Wanda bai jin Faransanci, ko yake jin nauyin faɗi gaban taro, ya samu magatakarda a keɓe bayan addu'a, za mu haɗa shi da ɗan rakiya.