Amanar Jiki: Mai Ciwon Sukari da Iyalansa a Watan Azumi

Ya ku jama'ar Magaria da Dungass, daga Bande da Wacha har Malawa da Dogo-Dogo, zancenmu na yau a kan mai ciwon sukari ne, da haƙƙinsa da ya rataya a wuyan iyalansa.

Aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta ba marar lafiya sauƙi, ya sha azumi ya rama. Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ya bayyana cewa wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan azumi wajibi ne a kansa. Amma sai ka ga dattijo yana makyarkyata da azahar, gumi na zuba, idonsa na gani dishi-dishi, ya ƙi shan ruwa don kada jikokinsa su ce Baba ba ya azumi. Wannan kunya ce, kuma kunya irin wannan tana kai mutum kushewa. Idan kun ga waɗannan alamu, sukarinsa ne ya faɗi; ku dama masa ruwan sukari nan take, kada ku jira magariba. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi likita. Ma'aikatan lafiya suna cewa in awo ya sauka ƙasa da giram 0,70, ko ya haura giram 3, a sha azumi. Huda yatsa don awo kuwa ba ya karya azumi.

Sai maganar akushi. A gidajenmu kwano ɗaya ake sa wa hannu, to ƙaƙa majinyaci zai kame alhali kunun da shayin duk an cika su da sukari? Uwargida, ki ɗebe masa nasa kafin ki zuba. A rage masa tuwo da fura, a ƙara masa wake da zogale da rama. Kada a gasa masa magana don ya bar abinci a kwano.

Ƴaƴan da ke bida a Kano ko Damagaram, ku fara aiko da kuɗin magani kafin shaddar Salla, domin yankewar magani ita ke jawo makanta da ciwon ƙoda. Mai allurar insulin, in babu firji, a sa masa kwalbar cikin leda a ajiye a sanyin randa. Kullum wani ya duba masa tafin ƙafa, don ƙaya na iya shiga bai ji ba har miki ya ruɓe. Bayan alwala ya share tsakanin yatsu.

Jiki amana ne, kuma za a tambaye mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya karɓi ibadunmu. Amin.