Ciwon Kwankwaso Mai Naci da Rawar da Tsoro Ke Takawa



Ciwon kwankwason da zan yi magana a kai ba irin wanda ke kama mutum bayan ya ɗauki buhu, ya sake shi cikin mako biyu ba ne. Ina nufin wanda ya haura wata uku, har mai shi ya koma yin sallah a zaune, in zai tashi sai ya dafa ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya, kuma a wajen kusan tara cikin goma, likita ba ya gano wata takamaimiyar cuta da zai ɗora wa laifin. Abin da nake son kafawa shi ne, horar da tunanin irin wannan majinyaci magani ne na haƙiƙa, domin yana taɓa wani sashe na abin da ke riƙe da ciwon.

Mu fara da hoto, tunda shi mutane suka fi yarda da shi. A 1994 mujallar New England Journal of Medicine ta buga binciken da aka ɗauki hoton MRI na bayan mutum 98 waɗanda ba su da ciwo ko kaɗan. Kashi 36 cikin 100 ne kawai aka samu duk fayafayan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu lafiya lau. Fiye da rabi akwai faifan da ya bultso, alhali suna harkokinsu. Ke nan abin da hoto ya nuna da abin da mutum ke ji ba lallai su zo ɗaya ba. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa saƙon zafi ba ya zarcewa ƙwaƙwalwa kai tsaye: a cikin laka ana iya rage shi ko a ƙara shi, kuma ƙwaƙwalwa na da ta cewa a wannan tacewar. Ku dubi mutumin da aka ce masa "faifanka ya goce". Daga ranar ya daina sunkuyawa, ko takalminsa sai yaro ya miƙo masa. Tsokar bayan ta sandare saboda rashin motsi, barci ya lalace, hankalinsa kullum yana kan wurin. Ranar da ya ɗan motsa ya ji zafi, sai ya ce to ga shi, dama an faɗa. Raunin farko ya daɗe da warkewa, amma jijiyoyin sun zama kamar ƙararrawar motar da ko iska ta kaɗa sai ta ɗauki kuwwa.

A nan hanyoyi biyu ke shigowa. Ta farko ita ce horon gyaran tunani da ɗabi'a, wanda aka fi sani da CBT: a zauna da majinyaci a zaƙulo abin da yake tsoro, a gwada shi a aikace. Ya ce in ya sunkuya zai gurgunce? To ya ɗauki cokali daga kan kujera yau, gobe daga ƙasa, ya gani da idonsa. A koya masa kasa aiki kashi-kashi, maimakon ya yi ta fama ranar da ya ji sauƙi ya kwanta kwana uku. Ta biyu ita ce horon natsuwa da Jon Kabat-Zinn ya tsara a 1979 a asibitin Jami'ar Massachusetts: mutum ya bi numfashinsa, ya bi gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya da hankali, ya lura da zafin yadda yake, inda yake, yadda yake hawa da sauka, ba tare da ya ƙara masa labarin "na shiga uku" ba. Daniel Cherkin da abokan aikinsa sun gwada duka biyun a jihar Washinton ta Amurka, suka buga sakamakon a mujallar JAMA a 2016. Majinyata 342 ne, zaman sa'a biyu a mako har mako takwas. Bayan wata shida, kimanin kashi 61 na masu horon natsuwa da 58 na masu CBT sun samu ci gaba na a zo a gani wajen iya ayyukansu, yayin da a cikin waɗanda suka tsaya kan kulawar da aka saba kashi 44 ne.

Mai ƙorafi zai ce tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Da gaskiyarsa, ba warkewa ba ce, kuma kusan rabin mutanen ne kawai suka halarci zama shida ko fiye. Sai dai a auna ta da abin da ake bayarwa a madadinta. A 2018 wani gwaji kan tsofaffin sojojin Amurka 240 masu ciwon baya, gwiwa ko ƙugu ya nuna cewa bayan shekara guda ƙwayoyin dangin mofin ba su fi magungunan zafi na yau da kullum amfani ba, illarsu ce ma ta fi yawa. Mu da muka ga abin da taramol ya yi wa matasa da leburorinmu ba ma buƙatar dogon bayani. Shi ya sa ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2023 suka sa CBT tare da motsa jiki da wayar da kan majinyaci, suka hana dogaro da waɗannan ƙwayoyi da kuma ɗaura bel a ƙugu.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi a wajena: majinyaci zai ji kamar an ce ƙarya yake yi, ko yana da taɓin hankali. Wannan laifin bakin likita ne. Zafin na gaske ne, kuma dole a fara da faɗa masa hakan. Dole kuma a tace tun farko, domin ciwon baya mai zuwa da zazzaɓi da rama na iya zama tarin fuka a ƙashin baya, wanda ba baƙo ba ne a asibitocinmu. Mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari kuwa na gaggawa ne. Mai irin waɗannan alamu a ce masa ya je ya natsu zalunci ne.

Akwai kuma masu ɗari-ɗari saboda horon natsuwa ya samo tushe daga addinin Buddha. Haka ne, amma abin da ake koyarwa a asibiti an raba shi da ibada, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da CBT, tunda a gwajin Cherkin kunnen doki suka yi. Saura batun ƙarancin masana halayyar ɗan Adam. A Ingila, gwajin da aka buga a Lancet a 2010 kan mutum 701 ya yi amfani da likitocin gashi da ma'aikatan jinya da sauransu, aka ba su ɗan gajeren horo suka jagoranci zaman rukuni, kuma amfanin ya kai shekara guda da kuɗi kaɗan. Wannan tsarin ne nake roƙon shugabannin sassan gashi na asibitocinmu su duba.