Halin da Ma'aikatan Ƙungiyoyin Masu Sana'a Suke Ciki

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara

 

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi tsokaci a kan shawarar da ke gabanmu ta buɗe ofishi da ɗaukar sakatare mai albashi. Na ga ya dace mu leƙa gidan waɗanda suka riga mu, wato ƙungiyoyin masu sana'a irin na malamai da likitoci da lauyoyi, waɗanda ba don riba aka kafa su ba, mu ga yadda ma'aikatansu suke rayuwa.

An kafa Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya a Legas a shekarar 1931, amma ba ta samu babban sakatare wanda ba shi da wani aiki sai nata ba sai a 1943, lokacin da E. E. Esua ya karɓi muƙamin, ya riƙe shi har 1964. Shekara 12 ke nan ana tafiyar da ita da gumin mutanen da suke koyarwa da rana, su yi rubutun ƙungiya da dare. A nan Arewa kuwa, Malam Aminu Kano na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, shi ma yana kan aikinsa na koyarwa. Aikin sa kai shi ke haifar da ƙungiya, amma idan ta girma, dole a samu wanda zai zauna a ofis.

To, wannan mai zama a ofis, yaya yake ji? A shekarun da na yi ina kai takardun malamaina ofisoshin ƙungiya, na zauna da akawu da ma'aji da masinja da direba, kuma abin da suka fi kuka da shi ba yawan aiki ba ne, yawan iyayen gida ne. Ma'aikacin kamfani ya san manajansa. Ma'aikacin ƙungiya kuwa, duk wanda ya biya kuɗin wata yana ganin shi ya ɗauke shi aiki. Wani ya shigo da safe ya ce a buga masa wasiƙa, wani ya bugo waya da tsakar dare yana tambayar inda aka kwana a kan ƙarin girmansa. Sannan ga zaɓe. Shugabanni zaɓaɓɓu ne, suna yin wa'adinsu su tafi, shi kuwa yana nan. Duk sabon shugaba da ya zo sai ya dube shi a matsayin ɗan gaban goshin wanda ya sauka, alhali laifinsa kawai shi ne ya yi wa na jiya biyayyar da zai yi wa na yau. Na ga akawun da aka karɓe makullin ofis daga hannunsa washegarin zaɓe, ba a tuhume shi da ɓatan ko kwabo ba. Da ya tafi, sai da aka yi watanni ana neman inda takardun fili suke, domin shi kaɗai ya san ma'ajiyarsu.

Batun albashi kuma yana rataye ne a wuyan kuɗin da 'yan ƙungiya ke biya. Inda ake cire kuɗin tun daga tushen albashi, abin da sauƙi, sai dai idan gwamnati ta yi jinkirin biya, ma'aikacin ƙungiya shi ma ya shiga layin masu jira. Inda kuwa sai an bi mutane gida gida, kamar yadda muke yi a nan, kowa ya san labarin. Doka ma ba ta cika rufa masa asiri ba. Mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000 a 2024, amma dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma ofisoshin rassa kaɗan ne suka kai haka. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, amma ƙananan ofisoshi da yawa ba su taɓa buɗe wa kowa asusun ba. Abin kunya ne ƙungiyar da ke yajin aiki saboda haƙƙin 'ya'yanta ta sallami direbanta bayan shekara 20 da katin yabo da shadda yadi biyar.

Duk da haka, da wuya ka ji sun ce sun yi nadama. Suna sanin mutane, suna koyon rubuta rahoton taro da lissafin kuɗi, kuma ranar da gwauruwar wani malami ta karɓi haƙƙin mijinta saboda takardar da suka bi, farin cikinsu ba ya ɓoyuwa.

Saboda haka ina goyon bayan ɗaukar sakatare, amma da sharaɗi. A ba shi takardar ɗaukar aiki mai bayyana albashinsa da hutunsa da abin da zai samu ranar rabuwa. A rubuta a tsarin mulkinmu cewa mutum ɗaya ne zai riƙa ba shi umurni, kuma ba a sallamarsa sai kwamitin amintattu ya zauna ya ji ta bakinsa. Kada kuma a tallata gurbin sai ma'aji ya tabbatar mana a gaban wannan taro cewa albashin shekara guda yana ajiye a asusu na daban, wanda ba za a taɓa shi don hidimar biki ko gudummawar gaggawa ba. In kuɗin bai cika ba a bana, a ɗage maganar zuwa taron baɗi.