Zaɓen Manhajar Zana Allon Lantarki

Duk akwatin rediyon da aka buɗe, akan tarar da wani ɗan allo a cikinsa, galibi kore, mai siraran hanyoyin tagulla waɗanda wuta ke bi. Wanda ke haɗa irin waɗannan na'urori a gida don sha'awa, shi ma yakan zana allonsa a kwamfuta, sa'an nan ya aika masana'anta ta buga masa. To, da wace manhaja zai zana?

Shekaru da dama amsar ita ce EAGLE, wadda kamfanin CadSoft na Jamus ya fitar a 1988. Akwai ta kyauta, amma an ƙayyade wa mai ita girman allo. A 2016 Autodesk ya saye ta, a 2023 kuwa ya ba da sanarwar zai janye hannu daga gare ta a watan Yunin 2026. Watau wanda ya tara zane-zanensa a cikinta, ashe aron rumbu ya yi.

KiCad kuwa, wadda Jean-Pierre Charras ya ƙirƙira a Faransa a 1992, ba ta da wannan tarnaƙi. Kyauta ce, asirinta a buɗe yake, ba ta ƙayyade girman allo, har ma cibiyar binciken nan ta CERN ta sa hannu wajen inganta ta. Lalle koyonta da ɗan wuya a makon farko. EasyEDA ta fi ta sauƙin shiga, sai dai tana kai mai zane ne ga masana'antar JLCPCB ta ƙasar Sin.